Feda mai kama takalmi: yadda za ka zaɓi mai araha wadda za ta jure hanyoyin Zariya

Tun da muka fara fita da kekuna da safiyar Asabar, mu tashi daga Samaru mu miƙa hanyar Shika mu dawo, babu tambayar da ake yi mini kamar wannan: "Malam, wannan fedar da ke riƙe maka takalmi nawa take, kuma wacce zan saya?" Wani a bakin hanya zai tare ni, wani kuma ya turo hoton wadda ya gani a intanet ya ce in duba masa. Na gaji da amsa guntu-guntu, shi ya sa na zauna na jera abin daki-daki.

Feda ce mai baki da sifirin, masu sayarwa suna ce mata kilifles. Tana aiki ne da wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi, wanda 'yan keke ke kira kilit. Ka taka, ka ji ƙas, ƙafa ta kamu. Ka murɗa diddige waje, ta sake ka. Kada wani ya ruɗe ka cewa da ka sa ta za ka riƙa wuce 'yan acaɓa. Amfaninta shi ne ƙafarka tana zama wuri ɗaya, ba ta zamewa in ka faɗa rami ko ka hau burji mai gargada, kuma in ka miƙe tsaye a kan feda wajen hawan tudu ba ka fargabar ta kuɓuce ta daki ƙwaurinka. In tafiyarka ba ta wuce daga gida zuwa kasuwa ba, riƙe kuɗinka.

1. Fara da duba keken

Kafin ka taya komai, juya keken ka dubi sandar da feda ke ɗaure a kanta. Yawancin kekunan manya, na gudu da na jeji, ramin fedarsu inci 9/16 ne, kuma kusan duk feda mai kama takalmi a wannan awon ake ƙera ta. Amma akwai kekunan da sandar dama da ta hagu ƙarfe ɗaya ne a lanƙwashe, irin na yara da wasu masu araha. Waɗannan raminsu rabin inci ne, fedar ba za ta shiga ba ko da za a kwana ana murɗawa.

Gargaɗi: keken gwanjo da ya daɗe a hannun mutane sau da yawa tiredin raminsa ya cinye. Na taɓa ganin wanda aka yi wa walda, aka haɗe feda da sanda gaba ɗaya. Kai wa mai gyara ya kwance tsohuwar fedar a gabanka, ka leƙa ramin da idonka. In tiredin ya mutu, sai ka sa kuɗin sabuwar sanda a lissafi tun yanzu.

2. Noti biyu ko noti uku

Nan ne mafi yawan mutane ke yin asara, don haka zan ɗan daɗe.

Iri biyu ne manya. Akwai mai noti uku, wato SPD-SL na kamfanin Shimano da Keo na kamfanin Look. Kilit ɗinsu roba ce mai faɗi, mai kusurwa uku, tana fitowa waje a ƙasan takalmi. Ita ce za ka gani a ƙafar masu tseren Tour de France, kuma ita ce ke jan idon matasa. Sai mai noti biyu, wadda aka fi sani da SPD, tsarin kamfanin Shimano. Kilit ɗinta ƙaramin ƙarfe ne da bai fi kan babban yatsa ba, yana shigewa cikin wani lungu a tafin takalmi, har ka iya tafiya a ƙasa kamar kowa.

Yanzu ka tuna inda kake. Daga Kwangila zuwa PZ sau nawa za ka sauke ƙafa? Keke Napep zai tsaya a gabanka babu sigina, mai baro zai ratso, tirela za ta matse ka zuwa gefen da kwalta ta ƙare. Duk saukewar nan a kan yashi da tsakuwa take. Kilit na roba ba ya jure wannan, yana cinyewa da wuri, kuma in laka ta cika shi ba ya shiga feda sai ka nemi tsinke ka tsaya sakata. Ga shi fedar fuska ɗaya gare ta, sai ka juyo ta da yatsa kafin ka taka, a tsakiyar cunkoso. In ka tsaya sallah a masallacin bakin hanya kuwa, tafiya da irin takalmin nan a kan siminti mai jiƙe da ruwan alwala ba ta da maraba da tafiyar agwagwa, ga santsi.

Ƙarfen SPD kuwa yana jure yashi, fedar tana da ramukan da laka ke fita ta ƙasa, kuma yawancinsu ta kowace fuska ka taka za ta kama. A ganina, duk wanda zai fara a garin nan ya ɗauki noti biyu, ko da keken gudu ne da shi mai siririyar taya. Babu dokar da ta hana. Mai noti uku sai wanda ya riga ya saba, yake fita da asuba ya miƙa hanyar Kano ko ta Funtuwa, ya yi awa biyu bai sauke ƙafa ba. In kai ne wannan, masu araharsu su ne Shimano PD-RS500 da Look Keo Classic.

Gargaɗi: kilit na SPD-SL da na Keo sun yi kama a ido, amma ɗaya ba ya zama daidai a fedar ɗaya. Haka a ɓangaren noti biyu, Crankbrothers da Time kowanne da nasa kilit, ba sa shiga fedar Shimano. Wannan ma dalili ne na tsayawa a kan SPD, domin ita ce aka fi samun kayanta in abu ya lalace.

3. Nemi takalmi kafin feda

Mutane suna fara sayen feda, daga baya su gane takalmin ya fi ta tsada kuma ya fi wuyar samu. Juya abin. Feda girmanta ɗaya ne ga kowa, takalmi kuwa sai ya dace da ƙafarka.

Juya takalmin ka dubi ƙasansa. Kana neman tsaga biyu dogaye a jere wajen gaba, a cikinsu akwai wani farantin ƙarfe mai ramukan noti da ke zamewa gaba da baya. Wasu takalman sababbi suna zuwa da murfin roba a wurin, sai an kwance ko an yanke. In ramuka uku ka gani kamar duwatsun murhu, na feda mai noti uku ne. Akwai masu ɗauke da duka biyun, sai dai a irinsu kilit ba ya shigewa ciki, yana nan a waje yana ƙwas-ƙwas.

Gwada shi da yamma, da safar da za ka riƙa sawa, domin ƙafa tana kumbura da zafi, kuma wanda ya yi maka cif da safe zai matse ka a watan Afrilu. Bar ɗan fili a gaban yatsu. Diddige kuwa kada ya riƙa ɗagowa in ka yi ɗage.

Gargaɗi ga mai sayen gwanjo: riƙe gaba da baya ka murɗa takalmin sosai. Wanda ya daɗe a dila gam ɗinsa ya bushe, tafin zai fara buɗe baki a gefe. A takalmin yawo wannan aikin shumeka ne na minti goma. A takalmin keke kuwa tafin ne ke maƙale da feda, in ya rabu kana cikin gudu sai dai Allah ya kiyaye. Sannan ka sa noti a ramukan farantin ka ga yana shiga. Tsatsa tana kashe su, wani lokaci ma za ka tarar da guntun tsohon noti ya karye a ciki.

4. Zaɓi fedar

Ga wanda zai riƙa hawa da takalmin keke kullum, Shimano PD-M520 ce amsata, kuma ban taɓa jin kunyar faɗa ba. Fuska biyu ce, ana sassauta sifirin ɗinta, ana kwance ta a sa mata giris, nauyin guda biyun kusan giram 380. Yayarta PD-M540 ta fi ta tsada, amma bambancin nauyinsu bai kai giram 30 ba, abin da ko ƙwai ɗaya ya fi shi. Bakin da ke kama takalmin aikinsa ɗaya ne. Kuɗin da za ka ƙara gara ka zuba shi a takalmi.

Amma da yawanmu keke ɗaya gare mu. Shi ne na motsa jiki ranar Asabar, shi ne na zuwa lacca a Kongo, shi ne na sayo kayan miya da silifas. In haka ne, nemi mai fuska biyu daban-daban, gefe ɗaya mai kamawa, ɗaya gefen shimfiɗaɗɗe na kowane takalmi. PD-M324 tsohuwar ƙira ce mai nauyi da ƙwari, PD-EH500 ta fi ta sauƙi a ƙafa. Aibinsu ɗaya, wani lokaci ka taka ka sami fuskar da ba ita kake nema ba, sai ka juya. Sati biyu ya isa ƙafa ta koya. Hawa M520 da silifas kuwa azaba ce, ɗan dunƙulen ƙarfe ne ke tokarar tsakiyar tafin ƙafarka.

Akwai kuma PD-ME700 mai firam a kewaye, ga masu shiga hanyoyin gona wajen Kufena ko bakin Galma, inda wani lokaci kake son ka ɗora ƙafa ba tare da ka kama ba.

In kuɗin bai kai Shimano ba, Wellgo da VP kamfanonin Taiwan ne da suka daɗe suna ƙera feda, kuma suna da masu bin tsarin SPD. Ka yi amfani da kilit ɗin da ya zo da su. Wellgo ta gaskiya ta fi Shimano ta jabu nesa ba kusa ba.

5. Yi lissafin duka, ba na feda kaɗai ba

Kayan nan duk daga waje suke zuwa, farashinsu dala yake bi, don haka da dala zan faɗa, kai kuma ka buga da canjin ranar. A kasuwannin waje M520 sabuwa tana kaiwa kamar dala 40 zuwa 55, da kilit ɗinta a cikin kwali. Kilit shi kaɗai kamar dala 15 zuwa 20. Takalmi sabo na masu farawa daga sanannen kamfani yakan fara daga wajen dala 70 zuwa 100. Ka ga ke nan takalmin ne ke cin kaso mafi girma, shi ya sa yawancinmu gwanjo muke nema.

Ƙara kuɗin kawowa, ko daga Legas ta tasha ko daga ƙasar waje. Ƙara alanki mai lamba 3 da 4 da 6, wani lokaci da 8, da sifana 15 siririya, da ɗan giris. Waɗannan duk akwai su a kasuwar Sabon Gari wajen masu kayan keke da babur, ba su da tsada.

Gargaɗi: tambayi mai sayarwa ƙarara, "Da kilit ko babu?" Fedar gwanjo kusan kullum ita kaɗai take zuwa, domin kilit ɗin ya tafi da takalmin mai ita na farko. Sai ka saye ta kana murnar araha, ka dawo ka biya kusan rabin kuɗinta a ɗan ƙarfe biyu da noti huɗu.

6. Duba ta da hannunka

Zuwa da kai ya fi aike. In mai kayan yana Kaduna ko Kano kuma kana da hanyar zuwa, je ka taɓa. In ta Jiji ko WhatsApp ce, ka ce ya ɗauko bidiyo yana yin abubuwan nan kafin ka tura ko sisi.

Riƙe ƙarfen da ke shiga sanda ka juya shi da yatsu. Mai lafiya tana juyawa sumul da ɗan nauyin giris. In tana wulwulawa kamar fanka, ta bushe. In kana jin ƙaras-ƙaras, yashi ya shiga boris. Sannan ka girgiza ƙarfen sama da ƙasa. Ɗan motsi kaɗan ana gyara shi a M520, amma in yana kaɗawa sosai bar ta. Kalli ƙarfen yayin da kake juyawa, in bakinsa yana rawa to ya lanƙwashe, kuma feda mai lanƙwasa gwiwa take ci. Dubi tiredin, kada ya zama a daddaƙe. Tabbatar ɗaya tana da L (hagu) ɗaya tana da R (dama), domin a tarin gwanjo ana haɗa dama biyu. Daga ƙarshe sa alanki 3 a notin sifirin ka juya, ya kamata ka ji yana tafiya ƙis, ƙis, mataki-mataki.

Maganar jabu kuwa, ni ma an taɓa yi mini. Na ga wata a intanet a ƙasa da rabin kuɗin da na sani, sunan kamfanin a jikinta ɓaro-ɓaro, na ce yau na yi tsuntuwa. Ba ta yi wata biyu ba ta fara kaɗawa, sifirin ɗin gefe ɗaya kuma ya riƙa sakin ƙafata a hawan tudu. Sunan da ke jiki ba shaida ba ne, masu jabu ma sun iya rubutu. Abin da ke tona su shi ne farashin da ya yi daɗi fiye da kima, da kaushin ƙira a gefuna, da notin da alanki ke zamewa a kansa tun ranar farko. Araha ba ta ado.

7. Wane kilit

Shimano tana da biyu na SPD. SM-SH51 baƙi ne, ba ya saki sai ka murɗa diddige gefe. SM-SH56 launin azurfa ne da harafin M a jikinsa, yana saki ko gefe ka murɗa ko ka fizgo diddige sama a karkace. M520 da baƙin take zuwa. Ga mai tsoro, ko wanda yawancin hawansa a cikin gari ne, mai M ɗin ya fi kwanciyar hankali, domin fizgar firgita ma tana fitar da ƙafa. Wanda ke miƙewa yana jan feda da ƙarfi kuwa ya zauna a kan baƙin, kada ta sake shi lokacin da bai shirya ba.

In ka bi ta noti uku, ɗauki kilit ruwan ɗorawa a Shimano, mai barin ƙafa ta yi wasa digiri 6, ko ruwan toka a Keo mai digiri 4.5. Ja na Shimano da baƙi na Keo ba sa barin ƙafa ta motsa ko kaɗan, ba na sabon shiga ba ne.

8. Ɗaura fedar

Mayar da sarƙa kan babban faranti na gaba tukuna, don in sifana ta kuɓuce haƙoran kada su yanke maka hannu.

Fedar dama tana ɗauruwa yadda kowane noti ke ɗauruwa. Ta hagu kuwa tiredinta a juye yake, ana ɗaure ta ta inda ake kwance sauran. Hanyar tunawa mai sauƙi ita ce, in hannun sifana yana sama, tura shi wajen tayar gaba ɗaurewa ne a kowane gefe, ja shi wajen tayar baya kwancewa ne. Goge ramin da tsumma, shafa giris a tiredi, ka fara murɗawa da yatsu kawai. Ya kamata ta shiga zagaye uku ko huɗu babu gardama. Sai a ƙarshe ka sa sifana 15, ko alanki ta bayan sanda, ka ɗaure tam. Shimano ta ce a ma'aunin ƙarfin ɗauri a kai Nm 35 zuwa 55, wato ɗauri mai ƙarfi na hannun babba, ba na taka sifana da ƙafa ba. M520 tana karɓar sifana 15, M540 kuwa alanki 8 kaɗai.

Gargaɗi: in ta yi tauri tun zagayen farko, tsaya. Ko ta shiga a karkace ne, ko ka ɗauko ta wancan gefen. Sandar yawancin kekunan zamani alminiyon ce, ƙarfen feda yana cinye ta kamar tuwo. In mai gyara ne ke yi maka, kada ka tafi shan shayi. Dattijon da ke gyara mini ya fi ni sanin keke sau goma, amma yaransa hannunsu yana saurin zuwa ga guduma. Nakan ce, "Baba, don Allah a bar ni in fara da hannu, sai yaro ya ƙarasa." Bai taɓa ƙi ba.

9. Ɗaura kilit a takalmi

Sa takalmin ka lalubo tudun da ke gindin babban yatsa, ka yi alama da biro a gefen tafin. Lalubo na gindin ƙaramin yatsa, shi ma ka yi alama. Tsakiyar kilit ta zauna tsakanin layukan nan biyu. In kana shakka, gara ya ɗan koma baya da ya yi gaba, domin kilit da ya matsa wajen yatsu yana gajiyar da sha-raɓa kuma yana sa yatsu su yi sanyi kamar ba naka ba. Kan kilit mai tsini, inda kibiya take, yana kallon yatsu. A SPD babu na dama babu na hagu, duk ɗaya ne.

Sai karkata. Zauna a kan tebur ka saki ƙafafu su yi lilo, ka ga inda suke kallo da kansu. Mutane da yawa yatsunsu waje suke ɗan buɗewa. Daidaita kilit yadda in ka kama, ƙafar za ta zauna a haka, da ɗan wasa hagu da dama kafin ta saki. Shafa giris a notunan, ɗaure su da alanki 4, wannan kaɗan wancan kaɗan, har su kai Nm 5 zuwa 6.

Gargaɗi, kuma wannan shi ne mafi muni a duk jerin: kilit mai sako-sako ba ya fita daga feda. Ka murɗa diddige, takalmi ya juya, ƙarfen yana nan a maƙale. Mafita ɗaya ce, ka jingina da bango ka zare ƙafa daga takalmin. Don haka sake ɗaure notunan bayan fita ta farko da ta biyu, domin haƙoran kilit suna nutsewa cikin tafin takalmi su bar sarari.

Bayan wannan ka duba tsayin sirdi. Kaurin sabon takalmi da feda ba ɗaya ba ne da na da, wataƙila sai ka ɗaga ko ka sauke shi kaɗan. Ciwon gwiwa da ya fara bayan canjin feda ba na sabo ba ne da za a daure. Tsaya ka gyara karkatar kilit.

10. Sassauta sifirin ka koya

A bayan bakin fedar akwai ƙaramin noti da alamar + da −. Juya shi wajen − har ya kusa ƙarewa, amma kada ka tilasta shi ya wuce inda ya tsaya. A M520 notunan huɗu ne, biyu a kowace feda, ɗaya ga kowace fuska. Mutane suna sassauta biyu su manta da biyu, sai ya zama yau ta fita da sauƙi gobe ta ƙi. Ƙirga ƙis-ƙis ɗin su zama daidai.

Dafa bango a tsakar gida, ka kama ka saki sau talatin kowace ƙafa. Gaban kilit ke fara shiga, sai ka danna diddige ƙasa. Daga nan ka nemi filin ƙwallo mai ciyawa ko yashi da yamma, ka yi ta tashi da tsayawa. Zaɓi ƙafa ɗaya da za ka riƙa saukewa kullum. Ni dama nake saukewa, saboda a dama muke tuƙi, in na karkata gara in karkata wajen gefen hanya da in faɗa gaban mota. Sai dai a lura da kwata.

Za ka faɗi, kusan kowa ya faɗi sau ɗaya. Ba a cikin gudu ake faɗuwar ba, a tsaye ake yi, a hankali kamar an sare bishiya. Tawa a Tudun Wada ta same ni, gaban mai shayi da cikakken benci. Na ja birki lafiya lau, na manta ƙafata a ɗaure take. Wani dattijo ya taso ya ɗaga ni yana cewa, "Sannu ɗana, to wa ya ɗaure ka?" Na ce ni na ɗaure kaina, Baba, har kuɗi na biya. Dokar da na ɗauka tun ranar ita ce a saki ƙafa kafin a ja birki. Ka hango shatale-tale, ko shingen 'yan sanda, ko garken shanu zai tsallaka, saki ƙafa ɗaya tun daga nesa ka ɗora tsakiyar takalmi a kan feda. Sati biyun farko ka guji Kwangila da kasuwar Sabon Gari da lungunan cikin birni. Wando mai faɗin ƙafa kuma a naɗe shi ko a cusa a safa.

11. Damina da hunturu

Da damina jar lakar nan tana cika bakin feda da lungun kilit. In ta ƙi kamawa, buga gefen takalmi a jikin feda sau biyu, yawanci ya isa. Ka dawo gida ka wanke da ruwa da tsohon buroshin haƙori, ka bar ta ta bushe, sai ɗigo ɗaya na mai a kan sifirin da wurin da bakin ke motsi. Kada ka kai keken wurin wankin mota a harba wa fedar ruwan inji, yana tura ruwa cikin boris ne.

Da hunturu kuwa mai shi ne abokin gaba. Ƙura tana manne masa ta zama kamar sanfefa. Sa kaɗan, ka goge saura da tsumma. Baƙin man inji da ake zuba wa sarƙa a bakin hanya kada ya kusanci fedar.

Sau ɗaya a shekara, bayan ruwa ya ɗauke, a zare ƙarfen tsakiya a sabunta giris. M540 sifana 17 ke buɗe ta. M520 kuwa tana buƙatar wani ɗan makullin roba mai haƙora, TL-PD40, wanda ba shi da tsada, gara ka haɗa shi cikin odar farko, domin in aka kama wurin da filaya robar fashewa take yi. Kilit kuma in ka ga ya fara saki da kansa, ko ya fara gardamar fita, ko gefunansa sun side sun yi ƙyalli, lokacin canji ya yi. Kafin ka kwance tsohon, zagaye shi da biro a tafin takalmin don sabon ya zauna daidai inda ya tashi, kuma ka sakace ƙasar da ta cushe kan notunan da allura kafin ka sa alanki.